Yadda Ake Gyara Rubutun Da Ke Fitowa Dishi-Dishi A Cikin Bidiyo

Rubutun da kake bugawa a manhajar tace bidiyo, Premiere Pro ce, DaVinci Resolve, Final Cut Pro ko CapCut, ba hoto ba ne tun asalinsa. Kowane harafi zane ne na lissafi. Manhajar ta san inda layi ya miƙe da inda ya lanƙwasa, kuma duk girman da ka nema za ta iya zana maka shi garau. Saboda haka in taken shirinka, ko sunan mai magana, ko fassarar da ke ƙasan allo ta fito hazo-hazo, to a hanya abin ya same ta. A wani wuri tsakanin yatsanka da idon mai kallo an mayar da rubutun ɗigo-ɗigo sannan aka ja shi, ko an matse shi, ko an shafa masa abin da ba nasa ba.

Wuraren da hakan ke faruwa ba su da yawa, kuma kowanne da maganinsa. Abin da ke cinye wa mutane lokaci shi ne gyaran kan mai uwa da wabi: a canza font, a ƙara wa hoto kaifi, a sake fitar da bidiyon, a ɗora, a tarar jiya i yau. Kafin ka taɓa komai, gano inda ɓarnar take.

Da farko, ka tabbatar akwai matsalar

Tagar da kake kallon aikinka a cikinta ba gaskiya tsantsa take nuna maka ba. Don kada kwamfuta ta riƙa sarƙewa, manhajoji kan rage ingancin abin da suke nunawa lokacin da kake tacewa. A Premiere, duba ƙasan tagar kallo za ka ga wani ɗan akwati mai ɗauke da Full, 1/2, 1/4 ko 1/8. In yana kan 1/2, rabin faɗi da rabin tsawo kake gani, wato kashi ɗaya bisa huɗu na ɗigon hoton. Mayar da shi Full. Sai ka danna alamar sifana da ke kusa da shi, ka duba Paused Resolution, shi ma ya koma Full, domin shi ke yanke yadda hoto zai kasance idan ka tsayar da bidiyon. A Resolve, shiga Playback ka nemi saitin da ke rage girman abin da ake kunnawa, mai zaɓin Half da Quarter, ka kashe shi. A Final Cut, a saman tagar kallo akwai View, ka zaɓi Better Quality maimakon Better Performance.

Sai kuma zum. Galibi tagar tana kan Fit, ma'ana an ƙanƙantar da hoton mai faɗin fiksel (wato ɗigon hoto) 1920 don ya shiga tagar da ƙila ba ta kai rabin haka ba. Wannan ƙanƙantarwar ta gaggawa ce, kuma siraran layukan haruffa ne suka fi jin jiki. Sa zum a kan 100%, ka ja hoton zuwa inda rubutun yake, ka kalle shi. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa, don dama babu ita.

In har yanzu bai yi ba, ga gwajin da zai rage maka rabin wahala. Tsayar da bidiyon a kan rubutun, ka fitar da wannan firem ɗin, wato hoto guda cikin jerin hotunan da suka haɗu suka zama bidiyo, shi kaɗai a matsayin hoton PNG. A Premiere ta Windows, Ctrl da Shift da E ne. Buɗe hoton a girmansa na ainihi. In rubutun ya fito dishi-dishi a nan, ciwon yana cikin aikin kansa, sai ka bi matakan da ke tafe ɗaya bayan ɗaya. In kuwa ya fito tangaram, aikinka lafiya lau yake, wajen fitarwa ko wajen ɗorawa ne ake ɓata shi. Tsallake kai tsaye zuwa maganar launi da abin da ke bayanta.

Girman filin da ka gina aikin a kai

Bidiyo ba shi da inci ko santimita, fiksel kawai gare shi. Firem na 720p yana da fiksel 1280 a faɗi da 720 a tsawo, jimilla 921,600. Na 1080p yana da 1920 da 1080, jimilla 2,073,600. Na 4K kuwa 3840 da 2160, sama da miliyan 8. Duk harafin da ka rubuta, da fiksel ɗin tayimlayin ɗinka za a zana shi, wato filin nan da kake jera guntayen bidiyo a kai. In filin ƙarami ne, harafin da ɗigo kaɗan za a gina shi, kuma fitar da bidiyon a babban girma daga baya ba zai ƙara masa ko ɗigo ɗaya na gaskiya ba. Ja kawai za a yi.

Tarkon da ke nan shi ne, manhajoji da dama kan ɗauki girman tayimlayin daga guntun farko da ka jefa. In guntun nan wani ɗan bidiyo ne da aka turo maka ta waya mai 480p, ko tambarin buɗe shiri da aka yi tun da daɗewa, to duk aikinka ya gaji ƙanƙantarsa ba tare da ka sani ba. A Premiere shiga Sequence, sannan Sequence Settings, ka karanta lambobin Frame Size. In sun ƙi canzuwa, mayar da Editing Mode zuwa Custom. A Resolve lambobin suna cikin Project Settings, wajen Timeline Resolution. Ga bidiyon kwance, 1920 da 1080 shi ne mafi ƙarancin da zan ba da shawara. Ga na tsaye, 1080 da 1920.

Bayan ka canza, a Premiere za ka ga rubutun ya gusa gefe ko ya ƙanƙance. Kada ka ja shi da kusurwa don ya cika allo. Ka gyara shi yadda mataki na gaba zai nuna.

Tunda kana cikin wannan tagar, duba abu biyu. Pixel Aspect Ratio ya kasance Square Pixels, wato 1.0. Tsofaffin kyamarorin HDV suna ɗaukar 1440 da 1080 ne, a miƙe fiksel ɗin ta faɗi, kuma tayimlayin da ya kwaikwaye su zai miƙe rubutunka ma. Na biyu, Fields ya kasance Progressive. Tsarin 1080i na talabijin yana raba kowane firem gida biyu, layukan mara daban, na cika daban. Siririn layin da ke kwance a harafi, kamar sandar t ko ta e, zai iya faɗawa a rabi ɗaya kawai, sai ya riƙa karkarwa, kuma idan an zo haɗe rabin biyun don intanet sai ya narke. In ba tashar talabijin ce ta buƙaci tsarin ba, ka rabu da shi.

Yadda ka ƙara wa rubutun girma

A nan gizo ke saƙar. Hanya biyu ce ake ƙara wa rubutu girma, a ido duk ɗaya suke, amma a wajen kwamfuta sun sha bamban. Ta farko, ka ce wa manhaja ta sake zana harafin da girma. Ta biyu, ka bar ta ta zana shi ƙarami, ta mayar da shi hoto, sannan ka ja hoton. Ta biyun kamar mutum ne ya yi rubutu da biro a jikin balan-balan sannan ya hura: haruffan za su yi girma, amma tawadar ba ta ƙaru ba, sai bakin kowane layi ya baje ya kwashe.

A Premiere, danna rubutun ka buɗe Effect Controls. Za ka ga Scale a wuri fiye da ɗaya. Akwai wanda ke ƙarƙashin Vector Motion, akwai na cikin leyar rubutun kanta, akwai kuma wanda ke ƙarƙashin Motion kawai, irin wanda kowane guntun bidiyo ke da shi. Biyun farko sake zana harafin suke yi, ko ka kai su 400 zai fito ras. Na ukun shi ne mai jan hoto. In ka tarar da shi a kan 150 ko 200, ka kama ɓarawon. Mayar da shi 100, ka ƙara girman font ɗin, ko ka yi amfani da Vector Motion. Haka nan efekt ɗin Transform da ake jefawa kan rubutu don a samu motsi mai laushi, shi ma hoto yake ja.

A Resolve ma haka zancen yake. Text+ yana da Size nasa a shafin Title, yana kuma da Zoom a shafin Settings. Size ne naka. Zoom in ya wuce 1.0, ja ne.

To in kana son rubutu ya taso daga ƙarami ya girma, kuma dole da mai jan hoton za ka yi? Sai ka juya lissafin. Gina rubutun a girman da zai kai a ƙarshe, ka fara motsin daga 60 ko 70, ya tsaya a 100. Ƙanƙantar da hoto ba ya cutarwa kamar faɗaɗa shi, domin ɗigon da ake buƙata suna nan, ragewa kawai ake yi.

Akwai wani wurin da abin ke ɓuya, kuma ko ƙwararru yana kama su. Idan ka tattara rubutu da wasu guntaye ka dunƙule su wuri ɗaya, abin da Premiere ke kira Nest, Resolve da Final Cut kuma Compound Clip, sau da yawa ƙunshin yakan zama tamkar bidiyo mai ƙayyadadden girma. Rubutun da ke ciki yana nan da kaifinsa, amma da zarar ka zuma ƙunshin daga waje, ka koma gidan jiya. Ko dai ka shiga ciki ka ƙara girman a can, ko ka fito da rubutun ya zauna a waje shi kaɗai. Wannan yana yawan faruwa ga masu mayar da bidiyon kwance zuwa na tsaye: a ɗauko aikin 1920 da 1080 gaba ɗaya da rubutunsa, a jefa cikin filin tsaye, a ja shi har kusan 178 don ya cika allo daga sama zuwa ƙasa. Hoton mutum zai iya jurewa, rubutu ba zai jure ba. Cire rubutun daga na kwancen, ka sake buga shi a na tsayen.

Masu After Effects, leyar rubutu ta can kullum da kaifinta take. Amma in ka sa ta cikin wani kwamfozishan ka zuma daga waje, ko ka shigo da zane daga Illustrator, sai ka kunna ɗan maɓallin nan mai kama da rana da ke gefen sunan leyar. Shi ke sa a sake zana abin a kowane girma.

Rubutun da aka shigo da shi daga waje

In a Photoshop, Canva ko wata manhajar zane aka yi taken aka kawo maka, ya riga ya zama ɗigo kafin ya iso. Abin dubawa shi ne faɗinsa da tsawonsa a fiksel. Tambari mai faɗin fiksel 500 ba zai cika rabin allon 1080p ba sai an ja shi. Ka nemi a sake fitar maka da shi aƙalla a girman firem ɗinka, in kuma za ka zuma shi, a ninka. Kada wani ya ruɗe ka da cewa ai an sa masa DPI 300. Wannan lissafin masu buga takarda ne, bidiyo ko kallonsa ba ya yi.

A kawo shi PNG, ba JPEG ba. JPEG yana barin ƙura-ƙura a gefen haruffa, ga shi ba ya ɗaukar bango mai wayam. Hoton da aka turo ta manhajar hira a matsayin hoto kuwa an riga an matse shi a hanya, sai a sake turowa a matsayin fayil.

Abin da ke saman rubutun, da motsinsa

Dubi jerin layukan tayimlayin ɗinka daga sama zuwa ƙasa. Duk wani Adjustment Layer, wato leyar da ake ɗora wa efekt don ya shafi duk abin da ke ƙasanta, in yana sama da rubutu yana shafar rubutun. In ka sa masa mai rage ƙurar hoto, ko mai laushin fata, ko ƙwayoyin nan da ake yayyafawa don hoto ya yi kama da tsohon fim, ko mai duhunta gefe, to haruffanka ma sun sha. Rubutu ya hau layi na can sama, ba abin da zai zauna a kansa. Gwajin mai sauƙi ne: kashe idon kowane layi da ke sama, ɗaya bayan ɗaya, kana kallon gefen harafi.

Sai kwalliyar da ka yi wa rubutun da hannunka. Inuwa mai faɗi da laushi, ko hasken da ke zagaye haruffa, ba sa ɓata harafin kansa, amma ido yana karanta su a matsayin hazo, musamman a ƙaramin allo. Rage laushin inuwar, matso da ita kusa. A Premiere, can ƙasan Motion akwai Anti-flicker Filter, wanda aikinsa dama shi ne ya ɗan dusar da hoto don hana karkarwa. Ya zauna a 0.

In rubutun yana da kaifi a tsaye amma yana dusashewa in yana tafiya, wannan dusashewar motsi ce, kuma galibi kai ka kunna ta, ko ta zo cikin samfurin da ka sauko da shi. Tana da kyau a lokacin shigowa da fita. Abin kiyayewa shi ne rubutun ya tsaya cak na tsawon da za a karanta shi. Rubutun da ke ta rarrafe a hankali daga farko har ƙarshe kullum yana tsakanin fiksel biyu, gefensa na ta ƙyalli. Ko a tsaye ma, dubi lambobin Position. Tsakiyar firem na 1080p ita ce 960 da 540. In ka ga irin su 960.4 ko 811.7, share abin da ke bayan ɗigon. A babban rubutu ba za ka ga bambanci ba, amma a siririn layi da ke ƙarƙashin suna, ko akwatin da ke bayansa, za ka gani.

Launi, wanda ba kowa ke zarginsa ba

Ka taɓa lura cewa jan rubutu ne ya fi kowanne fitowa a jiƙe, kamar ya zubar da launinsa gefe? Ba laifin manhajarka ba ne. Kusan duk bidiyon da ke yawo a intanet, na tsarin matse bidiyo na H.264 da ire-irensa, ana ajiye shi da tsarin da ake kira 4:2:0. Idon ɗan Adam ya fi kula da haske da duhu a kan launi, sai injiniyoyi suka yi amfani da wannan: kowane fiksel ana ajiye haskensa shi kaɗai, amma launi guda ɗaya ake raba wa kowane fiksel huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Ke nan a bidiyon 1080p, haske yana da cikakken 1920 da 1080, launi kuwa 960 da 540 kacal.

Yanzu ga inda abin ya shafi rubutu. A ma'aunin Rec. 709 da bidiyon HD ke bi, kore ne ke ba da kusan kashi 72 cikin ɗari na haske, ja kusan 21, shuɗi kusan 7. Farin harafi a kan baƙi, bambancinsa duka a haske yake, don haka gefensa yana samun cikakken kaifi. Ruwan ɗorawa, da yake haɗin ja da kore ne, ya kai kusan 93, shi ya sa yake fita sosai a kan duhu. Amma ja zalla a kan baƙi bambancin haskensu 21 ne kawai, shuɗi zalla a kan baƙi 7, ja a kan shuɗi kuwa wajen 14. Abin da ke raba irin wannan harafi da bangonsa launi ne, launin kuma shi ne aka yi wa rabin awo. Duk yawan bitret, wato bayanin da ake ware wa kowace daƙiƙa, da za ka zuba ba zai gyara wannan ba, domin tun kafin a fara matsewa aka zubar da bayanin.

Hanyar gane ko shi ne ke damunka: mayar da hoton baƙi da fari na ɗan lokaci. In rubutun ya kusa ɓacewa cikin bangonsa, to da launi kaɗai yake tsaye. Magani shi ne ka samar masa bambancin haske. Zagaye jan harafin da farin layi, ko ka sa farin rubutu a kan jan akwati maimakon jan rubutu a kan baƙi, ko ka haskaka jan ya ɗan karkata zuwa ruwan lemo. In launin kamfani ne aka ce ba a taɓawa, to a ƙara wa harafin kauri da girma, yadda rabin awon ba zai yi masa illa sosai ba.

Kaurin font ma a nan maganarsa take. Masu suna Thin da Light suna da kyau a babban allon mai tacewa, amma layin da kaurinsa fiksel ɗaya ko biyu ne shi ake fara sadaukarwa wajen matsewa. Medium, Semibold ko Bold sun fi jure tafiya. Ga mai rubuta Hausa akwai ma'auni a hannu: lanƙwasar da ke kan ƙ, ɗ da ɓ. Ita ce mafi ƙanƙantar abu a layin, in ta fito sarai to sauran ma sun fito. Ka kuma lura ko font ɗin yana da waɗannan haruffa tun asali. In babu, manhaja kan aro su daga wani font ɗin, sai ka ga harafi ɗaya ya fi 'yan uwansa siranta ko ya karkace. Noto Sans na cikin masu ɗauke da su.

Fitarwa

In firem ɗin PNG ya fito garau amma bidiyon da ka fitar bai fito ba, zauna ka karanta tagar fitarwa layi-layi, kada ka dogara da saitin da ka tarar.

Girman fitarwa ya yi daidai da na tayimlayin, adadin firem a daƙiƙa ma haka. Tayimlayin mai 25 da aka fitar a 30 yana iya sa manhaja ta riƙa cakuɗa firem biyu, rubutu mai motsi ya fito da inuwar kansa. A CapCut ta waya, lambar da ke saman allo kusa da maɓallin fitarwa ita ce girman. In 720P ka gani, taɓa ta ka ɗaga zuwa 1080P, ka ɗaga bitret ɗin ma a wurin.

Bitret shi ne yawan bayanin da aka ware wa kowace daƙiƙa. In ya yi kaɗan, kodek, wato tsarin da ke matse bidiyon, zai fara zubar da ƙananan abubuwa, sai ka ga wasu ɗige-ɗige suna rawa a gefen haruffa. Shawarar da YouTube ke bayarwa ga bidiyo na yau da kullum mai firem 24 zuwa 30 ita ce megabit 5 a daƙiƙa ga 720p, 8 ga 1080p, 16 ga 1440p, sai 35 zuwa 45 ga 4K. In firem 50 ko 60 ne, 1080p yana son 12. Ni ina ɗaukar waɗannan lambobi a matsayin ƙasa, ba sama ba, tunda za a sake matse fayil ɗin bayan ka ɗora. Ga 1080p mai rubutu da yawa, 15 zuwa 20 ba ɓarna ba ce. Don ka san abin da kake ɗauka wa kanka, megabit 10 a daƙiƙa yana ba da fayil mai kusan megabait 75 a kowane minti. A Resolve da kilobit ake rubutawa, 16000 ke nan in kana son 16.

Abin da ke bayan rubutun ma yana cin rabonsa. Ruwa mai motsi, ganyen bishiya a iska, taron jama'a, hoton dare mai ƙura, duk suna shanye bitret, rubutun da ke kansu ya tashi da ragowa. Akwati mai launi ɗaya a bayan haruffa, ko da mai ɗan wayam ne, yana sauƙaƙa wa kodek aiki ƙwarai. Rubutun da ke bayyana a hankali na tsawon daƙiƙa biyu shi ma wahala ne gare shi, gajarta shigowar. In kana da lokaci, zaɓi VBR 2 Pass, wanda ke fara leƙa bidiyon gaba ɗaya kafin ya raba bayanin. A Premiere sai ka koma Software Encoding kafin ya ba ka wannan zaɓi.

Akwai akwatuna biyu da ke yin ɓarna a ɓoye. Use Previews yana sa Premiere ta ɗauko fayilolin leƙe da ta yi lokacin tacewa, waɗanda sau da yawa ingancinsu ƙasa yake, ta gina bidiyonka da su. Use Proxies kuma yana ɗauko ƙananan kwafin da ka yi don kwamfuta ta yi sauri. Cire alamar duka biyun. A shafin Deliver na Resolve, cikin Advanced Settings, akwai takwarorinsu masu maganar proxy da optimized media da render cache, su ma a cire. Use Maximum Render Quality kuwa, da ake yawan yi wa kallon maganin komai, amfaninsa yana fitowa ne idan ana canza girman hoto. Sa shi ba laifi, amma ba zai ceci rubutun da aka riga aka ja ba.

In kana shakkar ko matsewa ce, fitar da daƙiƙa goma a ProRes 422 ko DNxHR, kodek ɗin da ba sa matse hoto sosai, ka kwatanta da na H.264 a zum 100%. ProRes da DNxHR ɗin su ne kuma ya kamata ka yi amfani da su in aiki zai bi ta manhaja biyu. Kowace fitarwa a H.264 tana ɗan gutsurar hoton, kuma gutsurar tana taruwa. Wanda ya sa rubutu a manhaja ta farko, ya fitar, ya kai ta biyu don launi, ya fitar, ya kai ta uku don sauti, ya matse haruffansa sau uku kafin ma ya ɗora. Rubutu ya zama abu na ƙarshe da za a sa, a manhaja ta ƙarshe.

Bayan ka ɗora

Fayil ɗin da ke kwamfutarka garau, na kan intanet dishi-dishi? Da farko ka yi haƙuri. YouTube yana fara sakin ƙaramin kwafi ne, manyan su biyo baya, na 4K kan ɗauki lokaci mai tsawo. Danna alamar saiti ka ga wane inganci ake nuna maka, don Auto yana bin ƙarfin intanet ɗinka ne. Dabara ita ce ka ɗora shi a ɓoye, ka jira manyan kwafin su kammala, sannan ka buɗe wa jama'a.

Wata dabarar da ke aiki: gina tayimlayin a 1440p ko 4K ko da hotunanka 1080p ne. Hotunan za a ja su, amma rubutun da cikakken sabon girman za a zana shi, kuma a 4K ko launin da aka yi wa rabin awo ya kai 1920 da 1080. Sau da yawa kuma manyan fayiloli sukan samu kodek mafi kyau a YouTube. Kana iya dubawa ta danna dama a kan bidiyon ka zaɓi Stats for nerds: avc1 shi ne H.264, vp09 da av01 su ne sababbin. Sai dai fayil zai yi nauyi, fitarwa da ɗorawa su daɗe, don haka ba kowane ɗan guntun bidiyo ne ya cancanci wannan ba.

Instagram da TikTok suna da maɓallin ɗorawa da babban inganci a cikin saitinsu, ka tabbatar a kunne yake, ka kuma ba su 1080 da 1920 daidai don kada su sake ja ko ragewa. WhatsApp yana matse duk bidiyon da aka tura a matsayin bidiyo. Maɓallin HD yana rage ɓarnar, bai kawar da ita ba. In wanda ya ba ka aiki za ka tura wa ya duba, tura masa a matsayin Document, wanda ke ɗaukar har gigabait 2 ba tare da an taɓa fayil ɗin ba.

Fassarar ƙasan allo tana da mafita ta daban. Maimakon ka ƙona ta a jikin hoton, fitar da ita a fayil na SRT, wato fayil ɗin rubutu zalla da lokacin fitowar kowane layi, ka ɗora tare da bidiyon a YouTube ko Facebook. Na'urar mai kallo ce za ta zana haruffan da kanta, don haka ko hoton ya sauka zuwa 240p rubutun yana nan sarai. Amma SRT ba ya bin bidiyon in an sauke shi ana turawa daga waya zuwa waya. Ga irin wannan, wanda ka san za a matse shi sau da yawa a hannun da ba naka ba, yi masa gwaji tun kafin ya fita: fitar da kwafi ɗaya a 480p da ƙaramin bitret da gangan, tura shi wayarka, riƙe ta a nisan da ka saba riƙewa. Duk layin da sai ka matso da fuska kafin ka karanta, koma ka ƙara masa girma da kauri, ka rage yawan kalmominsa.